Tambayar da Auta ya bar ni da ita

Wankin da na tara tun Lahadi, rabi kawai na yi. Wayar ta sake mutuwa da cajinta a arba'in. Har azahar dai lafiya lau nake, har waƙa na yi ina shanya.

Bayan la'asar Auta ya shigo ya zauna bakin gado, yana ta juya makullin da ke hannunsa. Na san ƙanin nan nawa, idan ya fara haka akwai magana.

"Yaya, wani abokina ne ya yi mini tambaya na rasa amsa."

Na ce ina ji.

"Cewa ya yi da a ce a gidan wani addinin aka haife ni, da yanzu wancan nake karewa da irin wannan ƙarfin. Wai imanin nawa ne ko gado na ci."

Nan take na ɗauko hujjar da kowa ke ɗaukowa: duk abin da ya samu akwai wanda ya samar da shi, duniya ba ta yi kanta ba. Ashe ya riga ni zuwa wurin. Ya ce irin wannan hujjar wani fada ɗan Katolika, Copleston, ya kawo wa Bertrand Russell, masanin falsafa ɗan Birtaniya, a muhawararsu ta rediyon BBC a 1948, Russell ya ce shi a wurinsa duniya tana nan ne kawai, shi ke nan. Ya faɗa a hankali, ba da raini ba. Ni kuwa raina ya ɓaci. Na ɗaga murya, na ce ya rabu da abokan banza, ya riƙa neman tsari. Ya ce "To, Yaya," ya tashi ya fita. Ko ƙofar bai buga ba, da ma ya buga.

Sai da na idar da isha'i na lura tambayarsa daban, amsata daban. Shi gado ya tambaya, ni na tafi halittar duniya don can na fi ƙwari.

Abin da ya fi ci mini rai, na san tambayar nan ba yau ta fara ba, kuma ba daga bakin marasa imani kaɗai take fitowa ba. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya rubuta a littafinsa Munƙiz cewa tun yana matashi ya lura 'ya'yan Kirista Kirista suke tashi, na Yahudu Yahudu, na Musulmi Musulmi, abin da ya sa shi neman mene ne na asali a cikin mutum. Ya yi wajen wata biyu cikin shakka, har idonsa da hankalinsa ya daina amince wa. Da ya warke bai ce hujja ce ta warkar da shi ba, ya ce haske ne Allah ya jefa masa a ƙirji. Mutumin da ya koyar da ɗalibai 300 a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza ke nan. Abokin Auta zai ce ai wannan gudun amsa ne. Ni ina ganin gaskiya ya faɗa game da yadda imani yake zama a zuciya, ko da ba za ta ci muhawara ba. Annabi Ibrahim ma ya roƙi a nuna masa yadda ake rayar da matattu don zuciyarsa ta natsu, aya ta 260 a Baƙara, kuma ba a kore shi ba, an nuna masa.

Duk ina da wannan a kaina, na zaɓi tsawa.

Kuma wannan "abokin". Auta bai taɓa ɓoye mini sunan aboki ba sai yau.

Na tura masa saƙo, na ce gobe ya zo mu ƙarasa, ba zan yi faɗa ba. Ya karanta tun ƙarfe goma. Makullinsa na nan kan gado, ban san yadda ya shiga ɗakinsa ba.