Yadda na rabu da ciwon babban yatsa ban rabu da waya ba

Da ɗan tsami ya fara, a gindin babban yatsana na dama, irin wanda in na kwana na tashi sai in ji babu shi. Galibin aikina a waya yake, daga amsa saƙonni zuwa duba takardu da tura hotuna, kuma da hannu ɗaya nake yi. A hankali tsamin ya daina tafiya da safe, ya gangaro gefen wuyan hannu, daidai ɗan tudun ƙashin nan da ke ƙasan babban yatsa. Murɗa makulli a ƙofa, buɗe murfin kwalba, matse tsumma, duk sai na cije leɓe. Da aka kai inda ɗaga kofi ma yake sa ni jin kamar an soka mini wani abu, sai na je asibiti.

Gwajin da likita ya yi mini bai ɗauki minti ɗaya ba. Ya ce in kwantar da babban yatsa a tafin hannu, in dunƙule sauran yatsun a kansa, sannan in lanƙwasa wuyan hannun zuwa ɓangaren ƙaramin yatsa. Ko rabi ban kai ba raɗaɗin ya tsarga mini har tsakiyar hannu. Ya danna wurin ƙashin, na janye. Ya ce ciwon De Quervain ne, sunan wani likitan fiɗa ɗan ƙasar Suwizalan, Fritz de Quervain, wanda ya bayyana shi a 1895. Ke nan ciwon ya girme wa wayar hannu nesa ba kusa ba. Ya fi kama mata, musamman masu jego da ke yini suna ɗaga jariri da yatsa a buɗe, da duk mai aikin da ke murɗa hannu ba hutawa.

Bayanin da ya yi mini shi ne ya fi maganin amfani a wurina. Akwai jijiyoyi biyu, irin waɗanda ke haɗa tsoka da ƙashi, da suke tasowa daga tsokar hannu su bi ta wata siririyar kafa a gefen wuyan hannu su kama babban yatsa. Su ne ke ɗaga shi, su kuma ja shi waje. Suna zamewa a cikin kafar kamar mazagi a ƙugun wando. In gogayya ta yi yawa, bangon kafar sai ya yi kauri, hanyar ta matse, kowane motsi ya zama da ciwo. Danna fuskar waya ba ya buƙatar wani ƙarfi, shi ya sa mutane ke mamakin yadda zai ji wa mutum ciwo. Maimaitawar ce matsalar, da kuma yanayin da hannu yake ciki yayin da ake maimaitawa.

Ka duba hannunka in ka riƙe waya da shi kaɗai. Yatsu uku suna tallabe da baya, ƙaramin yatsa yana tokare da ƙasa, tsokar gindin babban yatsa tana matse gefe don kada wayar ta suɓuce, sannan shi wannan yatsan ne dai ake so ya miƙe ya taɓo can kusurwar sama. Wuyan hannu kuma ya karkace don ya taya shi isa. Wayoyin ma sun girma. IPhone ta farko da ta fito a 2007 fuskarta inci 3.5 ce, nauyinta giram 135. Yawancin na yanzu sun haura inci 6, da yawa kuma suna kusan giram 200 ko sun wuce. Yatsa bai ƙara tsawo ba.

Abu na farko da aka sa ni shi ne maɗaurin hannu mai tauri wanda ke kama wuyan hannu da babban yatsa tare, ya bar kan yatsan kawai a waje. Likitan ya nanata cewa bandeji mai laushi da ke nannaɗe wuyan hannu kaɗai ba zai yi ba, tunda yatsan zai ci gaba da motsi. Akan sa shi tsawon mako 4 zuwa 6. Yana da takura, ba zan ɓoye ba, musamman wajen rubutu da biro da kuma cikin dare. Amma shi ne ya hana ni abin da niyya kaɗai ba ta iya hanawa, domin hannu kan kai ga waya tun kafin mutum ya tuna an ce ya huta.

Ina kuma ɗora ƙanƙara a naɗe cikin ƙyalle na minti 10 zuwa 15, ba a kan fata kai tsaye ba. Ya rubuta mini ibuprofen na ɗan lokaci, bayan ya tambaye ni ko ina da gyambon ciki ko matsalar ƙoda, domin masu waɗannan da mata masu juna biyu ba a so su sha shi ba tare da shawarar likita ba. Ina da wani tsoro game da maganin kashe zafi a irin wannan ciwo: yana ɗauke raɗaɗin, mutum ya ga ai ya warke, ya koma wa wayar yadda ya saba. Zafin shi ne ke gaya maka ka dakata.

Motsa yatsa daga baya ya zo. Ma'aikaciyar sashen gashin ƙashi ta hana ni ja ko murza wurin da ƙarfi lokacin da yake zugi, ta ce wannan ƙara tunzura shi ne. Sai da ya lafa ta koya mini taɓa kan kowane yatsa da babban yatsa ɗaya bayan ɗaya, da ɗaga shi a hankali hannu na kife a kan tebur, daga baya kuma in zura yatsun cikin robar ɗaure kuɗi in riƙa buɗe su. Ƙa'idarta ɗaya ce: ɗan ja ba laifi, amma da ka ji suka ka tsaya.

Duk wannan kwantar da ciwon ya yi. Abin da ya hana shi dawowa shi ne na raba wa hannuwana aiki, mai riƙo daban, mai dannawa daban. Yanzu hagu ke riƙe wayar, manuniyar dama ke rubutu da jan shafi. In ina zaune, a tebur nake jingine ta. Saƙo in ya yi tsawo, ko dai in aika da murya ko in bari sai na zauna gaban kwamfuta in buɗe WhatsApp a can. Manhajojin da na fi buɗewa na sauko da su ƙasan fuskar wayar. In ya zama dole in yi da hannu ɗaya, ina kunna tsarin hannu ɗaya, wanda ke sauko da saman shafi ƙasa. Android na da shi, iPhone ma haka, kuma ana iya matso da allon rubutun gefe guda. Zoben da ake manna wa bayan waya shi ma ya rage mini matsa ta da nake yi.

Na lura da abu biyu da ba a cika faɗa ba. Jan shafi ya fi rubutu gajiyar da yatsana, saboda rubutu yana da ƙarshe, amma kallon gajerun bidiyo motsi ɗaya ne ake ta yi ba a sani ba, sau da yawa a kwance, waya a sama da fuska, wuyan hannu a lanƙwashe. Na daina wannan gaba ɗaya. Na biyu, mayar da duk aikin kan babban yatsan hagu ba mafita ba ce, domin shi ma jijiyoyinsa iri ɗaya ne, zai kuma fara nasa tsamin.

Ba kowane ciwon babban yatsa ne wannan ba, shi ya sa nake ƙarfafa a je a duba. In babban yatsa da manuniya da na tsakiya suna mutuwa ko kana jin kamar ana tsira maka allura, musamman da dare, wannan ya fi kama da matsewar jijiyar ji a tsakiyar wuyan hannu. In yatsan yana maƙalewa a lanƙwashe sannan ya saki da ƙas, wata jijiyar ce mai haɗa tsoka da ƙashi ta ɓangaren tafin hannu. Ga wanda ya manyanta, ciwo a gindin yatsa yana iya zama amosanin gaɓa. In kuwa wurin ya yi ja, ya yi zafi tare da zazzaɓi, ko ciwon ya biyo bayan faɗuwa, kada a jira. Wanda maɗauri da hutu ba su wadatar ba, akan yi masa allurar rage kumburi a cikin kafar jijiyar, kuma tana yi wa mutane da yawa aiki. Kaɗan ne ke kaiwa ga ƙaramar tiyata, inda ake tsaga rufin kafar don jijiyoyin su sami sarari.