Abin da na gani a tantanin jar tsoka da farar tsokar kifi

Idan ka yanka kifi a gicciye za ka ga tsokarsa iri biyu ce. Akwai siririn jan layi ƙarƙashin fata ta kowane gefe, sauran kuwa fari ne. Jar ce ke aiki idan kifi na iyo a hankali, ba ta saurin gajiya. Farar ta gudun ceton rai ce, 'yan fizga kaɗan sai ta sare.

Aikina a ɗakin gwaje-gwaje shi ne ware tantanin ƙwayoyin tsokokin nan biyu, in duba furotin ɗin kowanne. Komai a kan ƙanƙara ake yi, domin da nama ya ɗumama sinadaran cikinsa ke fara cinye abin da kake nema. Yankan ma sai da natsuwa: aska ta ɗan zame, fari ya shiga ja, samfurin ya ɓaci.

Bayan niƙa da juyawa a na'ura, jar takan bar kitse yana yawo a sama, farar kuma mayosin, furotin ɗin da ke sa tsoka ta damƙe, shi ne ke cika ta, sai an wanke da ruwan gishirin potasiyam mai ƙarfi. Da na baza furotin ɗin a jel, wani abu mai kama da kamu da ke jera su layi-layi gwargwadon nauyinsu, layin da ya tsaya mini a rai shi ne na wajen kilodalton 110 (ma'aunin nauyin furotin ke nan), wato famfon kalsiyam da ake kira SERCA. A farar tsoka ya fito da kauri, a jar kuwa siriri.

Kalsiyam ne ke sa tsoka ta damƙe idan ya fito daga ma'ajiyarsa a cikin ƙwayar tsoka. Famfon nan yana mayar da kalsiyam biyu ma'ajiyar da kowane ATP guda, wato sinadarin da ke ba ƙwayoyin jiki kuzari, kuma tsoka ba ta saki sai an kwashe kalsiyam ɗin. Kifin da zai kaɗa wutsiya da sauri dole ya iya saki da sauri kafin ya sake damƙa. Akwai ma kifayen teku masu dogon baki kamar takobi da wata tsokar idonsu ta daina motsi, famfon na ta juya kalsiyam don kawai ya ɗumama ido da ƙwaƙwalwa.

Sai dai a kula wajen kwatantawa. Jar tsoka cike take da mitokondiriya, ƙananan sassan da ke samar wa ƙwayar tsoka kuzari, tantaninsu kan biyo samfurin ya ƙara yawan furotin, SERCA ya yi kamar ya fi ƙanƙanta. Shi ya sa nake fara auna tsabtar samfuri kafin in yarda da kaurin kowane layi.