Jinkar Glencolmcille: Rufin da Igiya ke Riƙewa

Glencolmcille ƙauye ne a gundumar Donegal, arewa maso yammacin ƙasar Ayalan, a bakin Tekun Atlantika. A 1967 limamin cocin garin, Fada James McDyer, ya buɗe wata unguwar tarihi a can, inda aka gina ɗakuna irin na shekarun 1700, 1800 da 1900. Bangon dutse ne an shafe shi da farar ƙasa, amma gwanintar tana sama, a jinka.

Duk wanda ya taɓa baibaye rumbu a karkarar Maraɗi zai gane aikin, sai dai can iska ce abokiyar gaba, ba gara ba. Shi ya sa ba sa yi wa jinkar tsini. Kwantar da ita suke yi, ƙololuwar ta yi doro, iskar teku ta bi ta kai ta wuce.

Bayan an kafa itatuwa, ba ciyawa ake fara ɗorawa ba. Ana yanko fatar ƙasa mai saiwoyi, dogayen zirara masu faɗin kamar santimita 60, a shimfiɗa su gefen ciyawa na kallon sama, bakin kowace ya hau kan ƴar'uwarta. Sannan a baza karan hatsinsu, ko ciyawar bakin teku. Karan kuwa sai wanda aka bugo da hannu. Wanda injin girbi ya tattake ya riga ya karye, ruwa zai sha.

Daga nan sai igiya. A da da kara ake tufka ta. Ana jefa ta ta kan ƙololuwa, daga wannan gefe zuwa wancan, layi kusa da layi, a ɗaure a turakun dutse da aka dasa a saman bango tun lokacin gini. Nan ne rufin ke fara mutuwa: igiya ɗaya ta ruɓe, iska ta samu ƙofa, dare guda ya isa ta yaye rabin ɗaki. Dole kowane ƴan shekaru a ƙara kara, a sabunta igiya.

Akwai kuma wuta. A da mutanen yankin da busasshiyar ƙasar fadama mai cin wuta kamar itace suke girki, hayaƙinta na busar da rufin daga ciki. Gidan da aka rufe aka tafi ci-rani Ingila ko Amurka, murhu ya mutu, danshi ya kama shimfiɗar ƙasar, itatuwa su ruɓe, jinkar ta rufta ciki bango na tsaye.