Ƙari aka ce mata

Talata. Tun ƙarfe tara rana ta fara gasa Sakkwato. Na sauke yara makaranta, na sayi masa a Runjin Sambo, na wuce asibiti. Na tarar da Gwaggo tana ta ba matan ɗakin dariya, wai kunun Yaya ko almajiri sai ya maido.

Sakamakon tsokar da aka yanko ya fito. Likita ya ja ni da Kawu waje. Sankarar mama ce, har ta taɓa ƙashi. Bai rufe baki ba Kawu ya riƙe masa hannu: "Likita, don Allah kak ka hwaɗa mata. In ta ji, zuciya za ta kashe ta kahin cutar."

Na zaci zai ƙi, sai ya yi shiru. Ya ce haƙƙinta ne ta sani, kuma in ta tambaye shi kai tsaye ba zai yi mata ƙarya ba. Amma ya sha gani, da an ce "daji" sai a wayi gari gado ba kowa. An kwashe mara lafiya an kai wa mai magani, wai daji ba ya son ƙarfe, ba ya son allura. Bayan wata shida a dawo da ita, ciwo ya fashe. Shi ya sa wasu likitocin ke cewa "ƙari" ko "kumburi", su riƙa ba mutum labarin kaɗan-kaɗan gwargwadon abin da ya tambaya. Ba mu kaɗai ba ne ma, in ji shi: a Amurka a 1961 likita tara cikin goma ba sa faɗa, kafin 1979 kusan duk sun koma faɗa.

Na gane. Amma abin ya tsaya mini a rai. Matar da ke riƙe da adashin mutum goma sha biyu? Ga rigimarta da Inna ta shekara huɗu, ba a yafi juna ba. Jikinta, kwananta, mu ne za mu yanke mata?

Wuta ba ta zo ba. Ban ci abincin dare ba.

Da zan tafi Gwaggo ta kama gefen mayafina. "Ɗiyata, mi likita yac ce?" Na ce ƙari ne, Gwaggo, za a fara magani. Ta daɗe tana kallona. Sannan ta ce gobe in zo mata da littafin adashi, yana ƙarƙashin katifa, in kuma biya in ce wa Inna tana nemanta.