Shimfiɗar 'yan agwagi ta so ta kore ni daga aiki a Agege

Ni fa da na zo Legas aikin kaji na sani, tun a gida Zariya nake rainon 'yan tsaki, shi ya sa ranar da Alhajin da nake wa aiki a Agege ya kawo 'yan agwagi a kwali ya ce a raine su a ɗakin baya sbd ɓeraye da ruwan sama, na ce ai ba wani abu Alhaji. Ashe akwai wani abu.

Jarida na fara shimfiɗa musu, ita ce a kusa. Kafin kwana uku biyu daga ciki ƙafafunsu sun tale, suna jan ciki. Takarda santsi gare ta balle ta jiƙe, ƙafar ɗan agwagwa kuma ba ta yi ƙwari ba, in ta yi ta zamewa haka za ta sandare. Ɗaya na ɗaure masa ƙafafun kusa da juna da ɗan ƙyalle ya miƙe, ɗayan bai yi ba. Da tsohon tawul na sa musu a kwanakin farko da duk haka ba ta faru ba.

Sai na koma garin katako, wannan mai laushi kamar tsaki da ake samu kusan kyauta wajen masu yankan katako, duk wanda ya bi ta gadar Third Mainland a da ya hango tulinsa ta wajen Oko Baba. Shi ma bai yi ba. Suna tsattsagarsa kamar abinci, ƙurar na shiga hanci, kuma da ruwa ya taɓa shi sai ya dunƙule ya zama taɓo. Gashi ba ka san wane icce aka yanka ba, ko an sa masa maganin gara.

Wlh a nan na gane agwagwa ba kaza ba ce. Ita ba ta cin abinci sai ta tsoma baki a ruwa ta karkaɗa kai, kashinta ma ruwa-ruwa ne, to haɗa wannan da damshin Legas a watan Yuni, inda riga ma sai ta kwana biyu a igiya ba ta bushe ba. A arewa rana da iska ke taya ka aiki ba ka sani ba. Nan shimfiɗa in ta jiƙe ta jiƙe kenan, fumfuna ta kama, su shaƙa, ka ga suna buɗe baki suna haki. Shi ya sa ban yarda da ciyawa ko haki a ɗaki ba, sama a bushe, ka ɗaga ka tarar da ƙasa baƙi ƙirin.

Wani dattijo mai sayar da kaji a kasuwar Mile 12 na kai wa kuka, ya yi dariya ya ce, "Yaro, kai shimfiɗa kake ta canzawa, ruwan za ka gyara." Na ce, "Baba ya zan yi?" Ya ce in samo faranti mai faɗi in ɗora ragar waya a kai, mazubin ruwan ya zauna bisa wayar, duk abin da suka fantsalo ya sauka faranti. Zurfin ruwan daidai su nutsa baki har hanci, kar su shiga ciki, don gashinsu bai fara hana ruwa ba tunda ba uwa a tare da su.

Yanzu abin da ke fita in kafinta ya goge katako nake amfani da shi, mai faɗi mai nannaɗewa, in tankaɗe ƙurar, kuma duk wanda ke da ƙamshi mai ƙarfi ba na ɗauka. Kauri kamar tsawon yatsa. Buntun shinkafa ma na gwada da wani direban tirela ya taho min da buhu, yana da kyau, samunsa ne wahala a nan. Ɗumi wajen digiri 32 a satin farko, ina ragewa kamar 3 duk sati, in an ɗauke wuta fitila nake kunnawa nesa da shimfiɗar sosai.

Safe da yamma nake kwashe inda ya jiƙe. In damƙi shimfiɗar a hannu, in ta dunƙule ta tashi aiki. Sannan in durƙusa in kai hancina daidai tsayinsu, in warin ya yi min yaji a ido to gaba ɗaya zan zubar. Jiya Alhaji ya tarar da ni a durƙushe haka ya tambaya ko kuɗi na yar.