Godiya bayan fita takaba

Alhamdu lillahi, ranar Juma'ar da ta gabata na cika wata 4 da kwana 10, na fita takabar maigidana, Allah Ya jiƙansa da rahama. Ba zan maimaita labarin jinyar ba, domin yawancinku kun bi mu da ƙafa ko da waya har ranar da aka kai shi makwancinsa. Gajiya ta hana ni bin kowa gida-gida, shi ya sa na rubuta wannan.

Abin da ya tsaya mini a rai ya faru ne kwana biyu bayan addu'ar bakwai, lokacin da aka naɗe tabarmi gida ya yi tsit. Na duba na ga masara da geron da jama'a suka kawo, amma babu kuɗin cefane, ga yara huɗu, ni kuma ba halin fita nema. Daren nan ban runtsa ba. Da hantsi sai ga Inna mai koko, maƙwabciyarmu, wadda na san ba za ta so in ambace ta ba. Ta kwance bakin zanenta ta fito da ƙulli uku, irin alayyahu da na rama da na kuɓewa, ta ce, "'Yar nan, share hawaye ki ɗauko fartanya, in Allah Ya yarda kafin arba'in kin ci wannan."

Ita ta koya mini in gauraya irin alayyahu da yashi saboda ƙanƙantarsa, kada ya taru wuri ɗaya, in kuma jiƙa na kuɓewa ya kwana a ruwa. Muka kafce bayan ɗaki, muka cika tsofaffin buhuna da ƙasa da busasshen kashin awaki, muka kewaye wurin da tsohon gidan sauro saboda kaji. A kwana na 4 alayyahun ya tsiro, a kwana na 28 na sa wuƙa na yanka, na bar gindin domin ya sake toho. Ranar, saura kwana uku arba'in, na yi faten tsaki, yaran suka ci har da neman ƙari, ni kuwa na shiga ɗaki na yi kukan da ban yi ba tun ranar rasuwa. Da tsutsa ta kama ganyen, Inna ta daka ganyen darbejiya ta jiƙa muka yayyafa. Kuɓewa ta fara 'ya'ya wajen wata biyu, muna tsinka duk bayan kwana biyu kada ta ƙosa, har na yanka rara na shanya.

Ina godiya ga ɗan autan gidan Liman da ya turo mana taki a baro, da mai ruwan layinmu da ya riƙa ajiye jarka biyu ba ya karɓar komai a makonnin da ruwan sama ya ɗauke, da matan Islamiyyarmu. Akwai dangin da rabonmu da su tun ranar uku. Ban riƙe kowa a zuciya ba, sai dai yaran suna tambayarsu.

Allah Ya saka wa Inna da gidan Aljanna, Ya raya mata zuri'a, Ya suturta duk wanda ya suturta mu, Ya haskaka kabarin uban 'ya'yana, Ya raya mini marayun nan bisa tafarkin addini.