Godiya daga iyalanmu, an sallamo Baba

Alhamdulillahi, jiya da la'asar aka sallamo Baba, yau da hannunsa ya sha kunu. Kun san abin da aka sha tun daren da aka ce a ɗauke shi daga Daura zuwa Katsina, ba sai mun maimaita ba.

Godiya ta farko ga nas ɗin da ta rako mu a motar asibiti. Ta hana a faɗi sunanta, to Allah ya san shi. Ita ta ƙi yarda a tashi da tukunyar iskar oksijin ɗaya. A tsaye ta yi mana lissafi: ƙaramar tukunya tana ɗaukar wajen lita 680, in ana ba mutum lita 5 a minti ɗaya za ta kai awa biyu da 'yan mintoci, amma in numfashi ya tsananta aka ƙara zuwa 10, da ƙyar ta wuce awa guda. Haka kuwa aka yi. Wucewarmu Mashi ke da wuya, allurar ma'aunin ta kwanta a ja. Ta sa direba ya gangara gefe, ta zaro sifana daga aljihu, ta mayar da kan ma'aunin a tukunya ta biyu, tana ce wa Inna, "Mama, riƙe masa hannu, ki ci gaba da salati." Allah ya jiƙan mahaifanta, ya ba ta zuriya mai jin ƙanta.

Kawu, kai ka kira Katsina aka tabbatar da gado kafin mu motsa, ka haɗa takardar likita, sakamakon gwaji, hoton ƙirji da sunan allurar ƙarshe da lokacin da aka yi ta a leda ɗaya. Shi ya hana a sake komai daga farko. Yaya, da tsabar kuɗin da ka riƙo aka sayi magani lokacin da turawa ta waya ta ƙi. Samarin unguwa uku da suka biyo mu don ba da jini, aka ɗebi na mutum biyu, Allah ya yi muku albarka.

Waɗanda gidansu bai fi tafiyar minti goma da asibitin ba, amma sai "ya mai jiki" a WhatsApp, mun gani, mun gode.

Masu zuwa dubiya, sai bayan la'asar, mutum biyu-biyu, kuma don Allah a rage turare. Har yanzu ƙirjin bai gama saki ba.